Yadda Ake Koyon Kaɗa Ƙararrawar Coci a Ƙauyen Ingila, Mataki-Mataki

Tun da 'yan uwa suka ji cewa duk daren Talata ina hawa hasumiyar cocin ƙauyen da nake zaune a Ingila in ja igiya, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya ce nawa ake biya, wata ta ce ko mace za ta iya, wani ɗalibi da ya zo karatu kuma ya ce shi dai sautin ne ke tashinsa ran Lahadi, yana so ya san yadda ake fitar da shi. Na ga gara in zauna in rubuta amsar bi da bi, kamar yadda aka koya mini.

Akwai abin da za ka fara cirewa daga ranka. Mu a gida mun saba da ƙararrawar makaranta, wani lokaci ma tsohon wilin mota ne a rataye jikin bishiya, yaro ya ɗauki ƙarfe ya buga. Nan ba haka ake yi ba. Kowace ƙararrawa a ɗaure take jikin babban wili na katako, igiya ta zagaye wilin ta sauko ta wani rami a silin zuwa ɗakin da ke ƙasa. Kafin a fara, ana ɗaga ƙararrawar har bakinta ya kalli sama. Ka ja igiya, ta kifo, ta yi cikakken zagaye har bakin ya sake kallon sama ta ɗaya gefen, harshenta ya daki jikinta sau ɗaya. Mutum ɗaya, ƙararrawa ɗaya. A cocin ƙauye yawanci shida ne ko takwas, babbarsu kan kai rabin tan, wani wuri ta fi. Duk abin da za ka koya ya ta'allaƙa ne a kan sarrafa wannan nauyi da igiya, alhali ba ka ganinsa.

1. Nemo hasumiya da daren atisayensu

Ingila tana da hasumiyoyi fiye da 5,000 da ake irin wannan kaɗi, don haka da wuya ka rasa ɗaya kusa da kai. Akwai kundi a intanet mai suna Dove's Guide, wanda ke nuna kowace hasumiya, yawan ƙararrawarta da nauyin babbar. Duba can, sannan ka leƙa allon sanarwa a bakin cocin. Atisaye yawanci sau ɗaya ne a mako, daga wajen bakwai da rabi na yamma zuwa tara.

Wanda za ka nema shi ne kyaftin ɗin hasumiya. Ka tura masa saƙo kafin ka je, domin wurare da yawa suna kulle ƙofar ƙasa da zarar sun hau, kuma mai tsayuwa a waje yana ƙwanƙwasawa ba wanda zai ji shi. Ka tambaye shi ko suna da mai koyar da sababbi. Idan ya ce suna bin tsarin Learning the Ropes, mai matakai biyar, ka dace, don darasin a jere yake. Idan ba su da malami, zai tura ka ƙauyen da ke kusa.

Ba a tambayar addininka a ƙofa, kuma da yawa cikin masu kaɗin ba sa zama ibada. Amma gaskiyar magana ita ce asalin aikin kiran mutane ne zuwa sujadar Lahadi, kuma in ka iya za a sa ran ganinka da safiyar Lahadi. Kowa ya auna wannan da zuciyarsa tun kafin ya fara. Yara kan fara daga wajen shekara goma, da izinin iyaye.

2. Sutura da kuɗi

Sa riga da za ka iya ɗaga hannuwanka biyu sama ba ta takura ka ba, da takalmi mara tsini. Matakalar hasumiya ta dutse ce, matsattsiya, tana murɗawa, wasu tsanukan sun lotsa saboda sawun shekaru ɗaruruwa.

Gargaɗi: duk abin da ke lilo a jiki haɗari ne. Babbar riga, kaftani mai faɗin hannu, gyale, mayafi mai saki, nakatai, sarƙa mai tsawo, duk a ajiye su. Mace mai rufe kai ta ɗaura ɗankwali tamau ta cusa bakinsa cikin riga. Igiya tana tashi sama da gudu, abin da ta sarƙafa kuwa da shi za ta tafi.

Kuɗi kam kusan babu. A yawancin hasumiyoyi koyon kyauta ne, malaman 'yan sa-kai ne. Bayan ka iya, za a shigar da kai ƙungiyar masu kaɗi ta yankinku, kuɗin shekararta bai kai na cin abinci sau ɗaya a gidan abinci ba. Ƙananan littattafan koyo 'yan fam kaɗan ne. Abin da za ka kashe da gaske shi ne lokaci da kuɗin mota, sai kuma filasta, don tafin hannu zai yi bororo a makonnin farko kafin ya yi kanta.

3. Dokar ɗakin igiya

Da ka shiga za ka ga igiyoyi a zagaye, kowace da wani kumburi na ulu mai launi, sau da yawa ja da fari da shuɗi. Sunansa sali. Kada ka taɓa ko ɗaya, ko da kuwa ka ga an naɗe ta an rataye. Idan ƙararrawar a ɗage take, ɗan ja kaɗan ya isa ya kifo da ita, igiyar kuma ta fizge ka sama. Shi ya sa ake rataya allon gargaɗi in an bar su a ɗage.

In ana kaɗi kana zaune, tafin ƙafarka biyu su zauna daram a ƙasa, ba a ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kada igiya ta zargo ta. Ba a ratsa tsakiyar da'ira, ba a hira, ba a tashi sai an tsaya. Daren farko yawanci kallo ne kawai, kuma kallon ma darasi ne. Zaɓi mutum ɗaya ka bi hannunsa da ido.

4. Hau sama ka gan ta da idonka

Roƙi malaminka ya kai ka ɗakin ƙararrawa kafin ka riƙe igiya, a lokacin da duk suke a sauke, bakinsu na kallon ƙasa. Ba a hawa can mutum shi kaɗai, kuma ba a shiga tsakaninsu in suna ɗage.

Abubuwa huɗu za ka nema. Wili, wanda igiya ke bi. Harshe, wato ƙarfen da ke lilo a ciki. Sai wata sandar katako da ke tsaye a kan ƙararrawar, ni makari nake ce mata. Sai wani katako a ƙasa mai zamewa hagu da dama. In ƙararrawa ta ɗan wuce tsakiyar sama, makarin sai ya jingina da wancan katako, ta tsaya cak bakinta a sama. Da itacen ash ake yin makari, kuma da gangan aka yi shi ya zama mafi rauni a duk kayan, don in an yi ja fiye da kima shi zai karye maimakon ƙararrawar da aka zuba da tagulla tun zamanin kakannin kakanni. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

5. Jan wutsiya, sannan jan sali

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne masu gaggawa ke gajiya su gudu. Darasin mutum biyu ne, kai da malami, yana tsaye dab da kai. Yawanci ana ɗaure harshen ƙararrawar don kada maƙwabta su sha hayaniya, wasu wuraren kuma kwamfuta ce ke fitar da sautin a cikin ɗaki.

Ja iri biyu ne, suna bin juna. Za a fara ka da jan wutsiya, wato ƙarshen igiyar. Ka tsaya ƙafa ɗaya a ɗan gaba, ka riƙe wutsiya da hannu biyu, dama a sama da hagu in kai na-dama ne. Malami zai ja sali ya saki. Igiyar za ta naɗu jikin wili ta ɗauki hannuwanka sama. Bar ta ta ɗauka, kada ka riga ta, kada ka yi mata gardama. In hannuwan sun miƙe za ka ji nauyin ya yi sauƙi, kamar ƙararrawar ta ɗan numfasa. A nan za ka jawo ƙasa, a miƙe, dab da jikinka, har hannuwan su kai cinya, manyan yatsu na kallon ƙasa.

Dattijuwar da ta koya mini ta haura saba'in, ba ta kai kafaɗata ba, amma tana juya babbar ƙararrawarmu ba ko haki. Kullum maganarta ɗaya ce, in ja dogo, in daina ja da ƙarfi. Na daɗe kafin in gane bambancin. Gajeren ja shi ke sa igiya ta yi ta wutsil-wutsil kamar maciji, dogon ja kuwa yana tsayar da ita sambal.

In wannan ya zauna, sai a juya. Malami ya riƙe wutsiya, kai ka koyi jan sali: ka kama shi da hannu biyu yayin da yake tasowa, ka bar shi ya ɗan ɗaga ka, ka jawo ƙasa, ka saki kafin hannunka ya wuce ƙugu.

Gargaɗi: sakin sali a kan lokaci shi ne abu mafi muhimmanci a duk wannan mataki. Wanda ya makara, igiya za ta ɗaga shi daga ƙasa ko ta goge masa fatar hannu. Kuma har abada ba a naɗe igiya a hannu ko a wuyan hannu.

Kurakuran da kusan kowa ke yi a nan uku ne. Kallon sama don ganin inda igiya ta tafi, alhali ido a gaba ya kamata ya tsaya. Tura hannuwa gaba maimakon saukar da su a miƙe. Da takawa gaba ko baya ana bin igiya.

6. Haɗa biyun da tsayar da ƙararrawa

Yanzu wutsiya za ta zauna a hannun hagu koyaushe, tsakanin babban yatsa da tafin hannu, har lokacin da kake kama sali. Ka ja sali, ka saki, hannun dama ya yi maza ya koma kan wutsiya, su tashi tare, ka jawo, sali ya yi tsalle a gabanka, ka kama. Zagaye ɗaya ke nan, bugu biyu, kowane kusan daƙiƙa biyu. In ka kuskure sali, kada ka kai masa cafka. Riƙe wutsiyarka, ka sake jan ta, malami zai kama maka.

Daga nan sai tsayarwa: ka bar ƙararrawar ta haura tsakiya a hankali har makari ya jingina, ba tare da ya bugu ba. Malamai kan sa mutum ya tsayar sau goma a jere kafin su yarda da shi.

Ni a nan na karya makari. Ina ta ja da ƙarfi saboda tsoron kada ƙararrawar ta faɗo mini, ina jin tana dukan katako a sama, ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai na ji ƙas, igiya ta fizge. Malamata ta daka tsawa in saki, na saki, duk igiyar ta shige ramin silin a gaban idona. Da na riƙe, da da ni ta tafi. Ba wanda ya yi mini faɗa, washegari mai kula da kayan hasumiya ya sa sabon katako daga asusun ƙungiya, amma hannuna ya jima yana rawa a daren. Don haka in ka ji ƙararrawarka na dukan makari, rage ja nan take. In kuma ka ji igiya na jan ka fiye da yadda ka saba, saki komai ka ja da baya.

Yawancin mutane kan yi awa goma zuwa goma sha biyar na darasi kafin su riƙe ƙararrawa su kaɗai. In za ka samu darasi biyu ko uku a mako a farkon, ya fi sau ɗaya nesa ba kusa ba, don hannu yana mantuwa.

7. Shiga jeri

Ranar da aka ce ka kama igiya tare da jama'a, abin da za a yi shi ne jeri: daga ƙaramar ƙararrawa mai siririyar murya, tirebul, zuwa babba mai kauri, tena. 1 2 3 4 5 6, a yi ta maimaitawa. Mai tirebul zai ce “Luk tu”, wato kowa ya shirya, sannan ya sanar cewa tirebul za ta tafi, ta tafi. Kai kuma ka ja jim kaɗan bayan wanda ke gabanka a lamba, wanda yawanci yake damanka. In kyaftin ya ce “Sitan”, a jan sali na gaba kowa zai tsayar.

Wahalar ita ce sauti ba ya fita lokacin da ka ja, sai bayan ɗan lokaci, kusan sa'ad da hannuwanka ke tashi. Saboda haka ido kaɗai ba ya isa. Ƙirga matsayinka a zuci. In kai ne na uku, ka riƙa cewa ɗaya, biyu, UKU, huɗu, biyar, shida, har kunnenka ya tsinto muryar taka a cikin shidan. In tana karo da ta gabanka, ɗan jira ta a sama. In akwai rami tsakaninku, kama igiyar da ɗan wuri. Mai bin ƙaramar ƙararrawa kan bar tazara kaɗan a ido, mai bin babba kan bar fiye, saboda girman wili ya bambanta.

A ganina nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Mutanen ƙauye da ke jin mu daga gidajensu ba su san wane salo muke yi ba, amma in biyu suka yi karo kowa ya ji.

8. Sauyin kira

Kyaftin zai fara musanya ƙararrawa biyu masu maƙwabtaka. In ya ce biyu ta bi uku, 123456 ya koma 132456: ta biyu ta ɗan jira, ta uku ta ɗan yi sauri ta bi ta ɗaya, ta huɗu kuma yanzu ta biyu take bi. Ana kiran ne a jan sali, a aiwatar a jan sali na gaba, ba nan take ba. Wasu hasumiyoyi suna kiran ta wata fuskar, don haka ka tambaya kafin a fara. Akwai jeri masu daɗin ji da aka raɗa wa suna, kamar Kwins, 135246, da Titams, 142536. A yankin Debon da ke kudu maso yammacin Ingila, wannan sauyin kira shi ne gwanintarsu, har gasa suke yi a kai.

Za kuma a koya maka jagoranci, wato zama na farko a layi (layi shi ne kowace ƙararrawa ta buga sau ɗaya), inda ake barin gurbin bugu ɗaya kafin kowane jan sali. Wannan ɗan gurbi shi ke ba kaɗin Ingila numfashinsa.

9. Farauta da salo

Daga nan kyaftin ya daina faɗa maka wanda za ka bi. Doka ɗaya ce: a kowane layi ƙararrawa ba ta matsawa fiye da gurbi ɗaya, saboda nauyinta ba zai bari ba. Salo na farko shi ne farauta. Ga ta a kan ƙararrawa biyar:

12345, 21435, 24153, 42513, 45231, 54321, 53412, 35142, 31524, 13254, 12345.

Ɗauki biro ka bi lamba 1. Ta tashi daga gaba tana matsawa gurbi-gurbi har ƙarshe, ta yi bugu biyu a can, ta dawo. Tafiya baya a hankali ake yi, dawowa gaba da sauri. Babban kuskure shi ne haddace lambobin waɗanda za ka bi. Zai yi maka aiki mako biyu, ranar da aka ba ka wata ƙararrawa kuwa komai ya rushe. Haddace gurbinka, ka bar ido ya koyi tsinto igiyar da ke gabanka. Wannan gani yana zuwa da kansa bayan watanni, ba wanda zai iya cusa maka shi.

Bayan farauta sai salo biyu masu suna Filen Bob da Giransaya a kan biyar, inda layuka 120 ke ƙare duk jerin da zai yiwu ba tare da maimaici ba. A kan shida 720 ne, a kan bakwai 5,040, a kan takwas 40,320, wanda aka taɓa kaɗawa gaba ɗaya a garin Lafbara a 1963 cikin kusan awa 18. Ba a riƙe takarda, komai da ka ake yi. Burin mai koyo na farko shi ne kwata, layuka 1,260, kusan minti 45 ba tsayawa. Cikakken kaɗi layuka 5,000 ne ko fiye, wajen awa uku, kuma allunan katako da za ka gani a bangon ɗakin sunayen waɗanda suka yi shi ne, wasu tun ƙarni na 19.

10. Ɗagawa da saukewa

Wasu malamai da wannan suke farawa, wasu sai daga baya. Ana lilo da ƙararrawar kaɗan-kaɗan tana ƙara tashi, kana sakin lauje-laujen igiyar da ka tara a hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, har ta kai sama. Saukewa kishiyar haka ce, kana tara igiyar.

Gargaɗi: laujen a kan yatsu yake kwanciya sako-sako, yadda buɗe hannu kawai zai zubar da shi. Kuma kafin ka fara ɗagawa, tabbatar ƙararrawar a sauke take da gaske. Ba a yarda da yadda aka rataye igiya, gwadawa ake yi yadda malami ya nuna, babu lauje a hannu.

11. Lahadi, ɗaurin aure da makoki

In jerinka ya daidaita za a gayyace ka kaɗin Lahadi, rabin awa ko fiye kafin a fara sujada. Je da wuri, don mutum ɗaya in ya makara ƙararrawa ɗaya ce ta yi shiru. Ɗaurin aure ne kaɗai ake biya, a wurinmu kusan fam ashirin kowane mutum, kuma amarya kan makara, saboda haka kada ka sa wani alkawari kusa.

Na makoki daban yake. Ana ɗaura fata a gefe ɗaya na harshen, sai bugu ɗaya ya fita sarai, na biyu ya biyo a dushe kamar amsa daga nesa. Haka ake yi a jana'iza da Lahadin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi a watan Nuwamba. Rufe gefe biyun duka na rasuwar mai sarauta ne, kamar yadda aka yi a Satumbar 2022 da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu. Sabon shiga ba ya hawa ɗaura fatar, aikin mai kula da kaya ne, kuma sai ƙararrawa na sauke. Kai naka shi ne ka natsu ka buɗe kunne, domin a bugun da aka dushe da ƙyar za ka ji taka, kuma kuskure a irin wannan rana iyalan mamaci a ƙasa suke suna ji.